Babban Allon Malam

Litinin, 3 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aikin dajin naku, ya labarin matarka da yaran? Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata da ka sani, sai kuma idon maigidana Malam, wanda zan zo kansa.

Allon kwamfutar ya iso! Jiya da hantsi direban ya sauke shi, mutum biyu suka kamo kwalin. Ka ce mini babba ne, ba ka ce ƙyauren ɗaki za ka aiko ba. Sai da na sauke firinta daga kan tebur na ɗora ta a kujera, na kwashe fayil-fayil ɗina, sannan ya samu wurin zama kusa da ƙaramin allon da muke da shi. Malam ya bi gefensa da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan yana ta dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun yana koyarwa a makarantar sana'a.

Ga abin da ban gaya maka ba ran da muka yi waya kafin ka koma sansani, don yana zaune kusa da ni. Likita ya sa ranar aiki, 24 ga wata. Idon hagu ka san ya riga ya tafi. Na daman za a yi wa aikin, kuma likitan bai ɓoye mana ba: ko ya gyaru, ko a rasa ɗan abin da ya rage. Sai da muka shiga mota Malam ya ce shi abu ɗaya yake so, ya karanta littafinsa da idonsa kafin ranar.

Ka san littafin, na gyaran famfo da injin ruwa. Shekara goma sha ɗaya yana rubutawa ina bugawa, shafi ɗari biyu da sha biyu, da zane sittin da huɗu. Tunda na gama haɗa shi bai gan shi ba. Takarda ba ya ganinta sam yanzu, sai abin da ke da haske a bayansa. A ƙaramin allo kuwa sai na mai da harafi ya kai babban yatsa, kalma biyu ta cika layi, hancinsa na gogar gilashi, ƙeyarsa ta tare mini komai. Shi ya sa na matsa maka lamba. Shi da nasa allon, ni da nawa, ya ce gyara, in gyara.

To amma abin ya ƙi. Kebul ɗin da ya zo cikin kwalin, kafa ɗaya ce tak bakinsa ya shiga a bayan akwatin kwamfutar, can sama kusa da inda kibod yake shiga. Na kunna, allon ya yi haske, ya nuna sunan kamfaninsa, sai ya rubuta wai ba sigina, ya koma baƙi ƙirin. Na ce bari in cire ƙaramin in sa shi a wurinsa, ashe bakinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙaramin shuɗi ne mai noti biyu, kuma babban ba shi da irin wannan kafar.

Na san a wurinka aikin minti biyar ne. Ka rubuto da sauri, Malam har ya ja kujerarsa gaban allon ya ajiye.

Yayarka


Laraba, 5 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gida ma da na baro su lafiya. Ki gaishe mini da Malam da kyau. Maganar ranar aikin ta tsaya mini a rai. Allah ya sa a yi a sa'a, kuma in sha Allah zai karanta littafinsa har da sauran kwanaki.

Kin san nan ba sabis ɗin waya, kwamfutar ofis ɗaya muke bi layi a kanta, don haka zan taƙaita. Kada ki damu, allon lafiyarsa lau, da hannuna na gwada shi kafin in rufe kwalin. Ki yi abu uku.

Na farko, ki zare kebul ɗin ta kowane ɓangare ki sake turawa har ya zauna daram. Na biyu, a ƙasan allon ta dama akwai ɗan maɓalli, shi ne ke zaɓar kafar da allon zai saurara. Ki riƙa dannawa a hankali, kina jira kaɗan bayan kowace dannawa. Na uku, in duk ya ƙi, ki ɗauko mini hoton bayansa inda kebul-kebul suke shiga, ki haɗo da wasiƙarki.

Ke da kika yi shekara talatin kina juya ofishin darakta da tafireta, ba allo ne zai gagare ki ba.

Ƙanenki


Alhamis, 6 ga wata

Auta,

Muna lafiya, Malam yana amsawa. Ka bar yi mini daɗin baki, tafireta ba ta taɓa ce mini ba sigina ba.

Na zare, na mayar, har sau huɗu. Na danna maɓallinka har yatsana ya yi zafi. Da na gaji na tari tasi na kai allon wurin mai gyaran nan na bakin kasuwa. Yana haɗa shi da kwamfutarsa, Auta, ka ga hoto kuwa? Wani tsauni ne da tafki, har duwatsun ƙarƙashin ruwan kana ƙirgawa. Na tsaya ina kallo, na ce a raina ai ko zanen bawul mafi ƙanƙanta Malam zai gani a nan. Na dawo gida ina murna kamar an riga an gama.

Mai gyaran ya ce laifin daga akwatin yake, in kawo shi, ko shi ya zo gida. Malam ya ce ko kusa. Ba ka manta ba, shekara huɗu da suka wuce wani mai gyara ya goge mana babi bakwai da sunan wanke ƙwayar cuta. Na ce masa yanzu akwai kwafi a filashi har biyu, ya ce a lokacin ma haka na ce. Ya rantse babu hannun da zai taɓa akwatin nan sai nawa da naka.

Malam kuwa ya riga ya gano matsalar, in ji shi. Wai hoto ruwa ne. Bututu ɗaya ke da ruwa a gidan nan, wato na ƙaramin allo, don haka in ana son famfo na biyu sai a sa mahaɗa mai baki biyu a raba. Ya sa na koma kasuwa, kuma ka san wani abu? Akwai irin wannan kebul ɗin, mai kai ɗaya da jela biyu. Mai gyaran ya haɗa mini da wani ɗan abu da zai mai da shuɗin baki ya zama irin na babban allo. Malam ya shafa shi ya ce wannan ai shi suke kira mai rage faɗi, ashe ku ma masu kwamfuta a wurinsu kuka koya. Gobe za mu gwada, yana ta fito tun ɗazu.

Ga hoton da ka nema.

Yayarka


Litinin, 10 ga wata

Auta,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Kwana huɗu ke nan ina buɗe akwatin saƙo safe da yamma.

Mahaɗar Malam ba ta yi ba. Babban allon yana nan baƙi, ƙaramin kuma rubutunsa ya koma bibbiyu, kamar an zuba masa ruwa. Na yi maza na cire na mayar yadda yake. Malam ya ce ƙarfin ruwan ne ya kasa. Daga nan ya daina fiton.

Ranar Asabar ya ce mu koma ƙaramin allon haka nan. Shafi uku muka yi a awa biyu, kansa ya ɗau ciwo, idon ya yi ja yana zubar da ruwa, sai da ya kwanta har la'asar. Jiya na ce to bari in karanta masa ya saurara. Rubutu ya tafi daidai, amma da muka zo zane na biyar ya tambaye ni kibiyar da ke kan bawul ɗin ina ta kalla. Na ce sama. Ya ce saman wa, na takarda ko na famfon? Ya ce in kibiya ɗaya ta juya, yaron da zai koya daga littafin nan zai ɗaura bawul a baibai, rijiyar unguwa guda ta tsaya. Ya ce in rufe.

Saura kwana goma sha huɗu, Auta. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji, kuma haushinka nake ji. Ko da ɗan baffana ne kai, a bayana ka yi wayo, ban taɓa kiranka ka yi mini shiru ba. In abin ya fi ƙarfinka ne ka faɗa, in san yadda zan lallashe shi.

Kujerarsa tana nan gaban allon, ya hana a ɗauke.

Yayarka


Alhamis, 13 ga wata

Yaya,

Lafiyata lau, ki yi haƙuri. Ruwa da iska suka kayar mana da farantin sadarwa tun daren da na rubuto miki, sai yau aka ɗaga shi. Wasiƙunki biyu tare na gan su, ta biyun ta hana ni cin abinci. Abin bai fi ƙarfina ba, ki daina wannan tunanin.

Amma Yaya, hoton da kika aiko na bayan allon ne. Ni bayan akwatin kwamfutar nake nufi. Na sake karanta abin da na rubuta, laifina ne, "bayansa" kawai na ce.

Akwai kuma wani laifin nawa da ya fi wannan. Bara da na zo, da kika ce zanen Malam yana sa kwamfutar nawa, na sa mata katin hoto da na ciro daga tsohuwar tawa. Wallahi na manta shaf. Kwamfuta irin taki, da zarar an sa mata kati sai ta kashe kafar hoto ta sama, wadda aka haife ta da ita. In haka ne, kwana goma ke nan kina ba allon kafar da ta mutu.

Mu tabbatar. Ki danna alamar taga ta ƙasan allo da maɓallin dama na mawus, ki zaɓi manajan na'urori, ki nemi layin da ke da ɗan hoton allo, na katunan hoto, ki buɗe shi. Ki gaya mini suna nawa ne a ƙarƙashinsa. Sannan ki jawo akwatin gaban taga, ki bi shuɗin kebul ɗin ƙaramin allo har inda ya shiga, can ƙasa, a kwance. A gefensa dole akwai wasu kafofin. Ki ɗauko hoton wurin.

Na roƙi abokan aiki, sun bar mini layinsu na gobe da safe.

Ƙanenki


Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Auta,

Alhamdu lillahi da kana lafiya. Na yafe, amma ka ci bashin faɗa har ka zo.

Suna ɗaya ne a ƙarƙashin layin, dogo, da lambobi a ƙarshensa. Wato gaskiyarka ke nan?

Sai dai a gefen shuɗin kebul ɗin babu wata kafa. Wasu 'yan baƙaƙen robobi ne guda biyu a jere, sun toshe wurin. Tun ranar farko na gan su. Malam ya laluba su da yatsa, ya ce toshiya ce, kada in kuskura in taɓa. Ya ce shekara talatin da biyar darasinsa na farko ga kowane sabon aji shi ne wannan: bututun da ka tarar a toshe, wanda ya toshe shi yana da dalili, ba ka buɗewa sai ka san abin da ke bayansa. Ya ba ni labarin ɗalibin da ya kwance wata toshiya a ɗakin gwaji, ruwa ya shanye ofishin shugaban makaranta. Shi ya sa ban ma ambata maka su ba.

Ga hoto, na bayan akwatin wannan karon. Ƙafar da ka gani a gefe ta Malam ce, yana gadi.

Yayarka


Juma'a, 14 ga wata

Yaya,

Ina kwana. Na ga hoton, na yi dariya har mai gadin ofis ya leƙo. Robobin nan murfin ƙura ne kawai. Ki karanta wa Malam wannan:

Malam, ranka ya daɗe. Dokarka tana nan daram, ban taɓa ta ba. Ka ce ba a buɗewa sai an san wanda ya toshe da abin da ke baya. To ni na ɗaura wannan layin bara, ni na bar toshiyar don ƙura, kuma na san abin da ke bayanta: babban layi ne, ruwa cike. Wancan na sama da kuka haɗa, an rufe shi tun daga tushe. A matsayina na mai aikin, na ba da izini a buɗe.

Yaya, ki kashe kwamfutar tukuna. Ki zare robar da farce, wadda ke kusa da shuɗin kebul. Ki ciro kebul ɗin babban allo daga sama ki sa shi nan, ki kunna. In hoto ya zo, ki riƙe maɓalli mai alamar taga a kibod ki danna harafin P, ki zaɓi na biyu a jerin, don allunan biyu su nuna abu ɗaya. In ya fi son nasa ya fi naki girman harafi, ki zaɓi na uku, ki buɗe littafin a taga biyu, ki ja ɗaya zuwa nasa.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Ƙanenki


Asabar, 15 ga wata

Auta,

Ya yi! Muna lafiya, kai ma ina fata haka, amma bari in ba ka labari tukun.

Na karanta masa saƙonka sau biyu. Ya ce to tunda mai aikin ya sa hannu. Amma ya ce shi zai cire, ba ni ba. Mutumin nan ya durƙusa a bayan tebur da gwiwoyinsa na shekara sittin da takwas, ya sa na miƙo masa tsumma, wai ba a buɗe toshiya babu tsumma a hannu. Na ce Malam, me zai zubo? Ya ce ke dai miƙo. Ya zare robar, ya saurara kaɗan, sannan ya ce in sa kebul.

Da na kunna, ƙaramin ya kawo, babban ya yi baƙi na ɗan lokaci. Sai ga haske ya cika ɗakin. Na buɗe shafin farko na ƙara girma, na ce ya zauna. Bai ma sunkuya sosai ba, Auta. Daga inda yake zaune ya karanta sunan littafin da ƙarfi, da sunansa a ƙasa, harafi bayan harafi. Na shiga kicin wai zan ɗora shayi, na yi kukana na wanke fuska.

Na ukun nan na jerin da ka faɗa muka zaɓa. Da farko kibiyar mawus ta ɓace mini, na yi ta nema, ashe ta tsallaka allonsa. Shi ya gan ta, ya ce ga ta nan tana yawo a kan zanensa, in zo in kama abata.

Kuma ka san zane na biyar? Kibiyar a juye take. Ni na juya ta wajen kwafa, shekara shida da suka wuce. Tun jiya yake mini gori, ni kuwa ban taɓa jin daɗin gori irin wannan ba.

Mun yi lissafi, shafi ashirin da huɗu kullum. Takwas da safe, takwas bayan azahar, takwas da yamma, da hutu da maganin ɗigawa a tsakani, yadda likita ya yarda. Jiya da yau mun yi hamsin da ɗaya. Robar tana aljihun rigarsa, ya ce in an gama a mayar.

Yayarka


Lahadi, 23 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninka uku, ka yi haƙuri, wannan karon ni ce na yi shiru. Ba ni da hannun rubuta komai sai gyara. Muna lafiya, jakar asibiti tana bakin ƙofa, ƙarfe bakwai na safe aka ce mu kasance can.

Mun gama yau da hantsi. Ba kullum muka cika adadin ba. Ranar Laraba idon ya ƙi, shafi tara kawai muka yi, na zaci shi ke nan. Washegari ya tashe ni tun da sassafe muka rama. Gyara ɗari da talatin da bakwai ya samu, zane huɗu ya sa na sake, ya kuma cire shafi guda da ya ce surutu ne.

Da muka kai layin ƙarshe na ce to alhamdu lillahi, in kashe? Ya ce a'a, in koma gaba, in buɗe farin shafi bayan sunan littafin, akwai abin da bai rubuta ba. Ya ce in buga abin da zai faɗa, kuma ban da gardama. Na ɗora yatsuna.

Ya ce: "Ga matata, wadda ta buga kowane harafi na littafin nan, ta karanta mini duniya da idona ya gaji, ba ta taɓa ce mini in haƙura da shi ba."

Ina bugawa, kalmomin suna fitowa a allonsa manya-manya, yana bin su da yatsa. Ni kuwa ban ma ganin nawa allon sosai. Da na kai aya na sauke hannu.

Can ya matso da kujerarsa kaɗan, ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya ce, "Kin bar harafi ɗaya a cikin matata."

Na duba, haka ne, Auta. Daga inda yake zaune ya gani.

Na gyara, ya sake karantawa tun daga farko, ya ce yanzu in kashe.

Ka yi mana addu'a gobe.

Yayarka